Tawadar da Gulbi Ya Shanye

Tun daga zaure Sakinatu ta san an taɓa mata kaya. Labulen ɗakinta a ɗage yake, ita kuwa ba ta taɓa tafiya makaranta ta bar shi haka ba. Ta jingine jakar takardun 'yan ajinta a bakin ƙofa ta shiga. Akwatin ƙarfen da ta gada daga mahaifiyarta a buɗe, an ɓalle kwaɗon, zannuwa a watse a kan gado. Ta zura hannu har ƙasa ta lalube ko'ina. Ba komai sai tsohuwar jaridar da ta shimfiɗa.

Littattafai tara ta bari a wurin da safe.

Ta fito tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. Gwaggo Dela, yayar mahaifinta, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Sakinatu, tana zaune kusa da turmi tana tsintar shinkafa. Fuskarta a sake take, irin ta wanda ya kashe maciji a ɗakin yara.

"Gwaggo, wa yash shiga ɗakina?"

"Ni ta."

"Ina littattahaina?"

"Suna inda yad dace da su tun tuni." Gwaggo ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke dai gode Allah da Yab ba ki gwaggo mai ido. Wata takwas ina kallonki. Ki tasa takarda gaba kina hawaye, tuwo shi ƙone kina zamne, a kira ki sau ukku ba ki ji ba. Shekaranjiya da kunnena naj ji kina hwaɗin wai gulbi ya zama dutsi har doki na tahiya bisa. Wanga hankali na? Ruwa ba ya tsami banza."

"Labari na, Gwaggo. Labari nika karantawa."

"Labari cikin gidajen hatimi?"

Nan Sakinatu ta gane inda aka kwana.

Mutawakkil ne ya rubuta littattafan nan da hannunsa. Tafinta ne a kasuwar Illo, yana tsayawa tsakanin 'yan kasuwar Najeriya da na Benin da Hausa da Dandanci da Faransanci. Maraya ne, a wurin kawunsa ya tashi a wani ƙauye can gefen Benin, a can ya yi boko. Shekara guda ke nan yana neman Sakinatu, kuma Malam Usuman, mahaifinta, ya riga ya ba shi izinin turo magabata ranar Juma'ar nan mai zuwa. Yau Laraba.

Wata rana Mutawakkil ya tsinci wani ƙaton littafi a wurin mai tsofaffin takardu a kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin. Labari ne na mutanen Rasha, wani ya juya shi zuwa Faransanci. Ya fara ba ta shi da baki a zaure, amma tun da aka ƙaddamar da Shari'a mutanen unguwa suka ƙara ido a kan masu zance, wanda ya wuce minti goma a zaure sai a fara gyaran murya a waje. Minti goma kuwa ba ya isar Darina ta ɗaura takalmi, balle ta kama hanya.

Darina ita ce yarinyar da ke cikin littafin, 'yar wani mai fito, mai ƙetarar da mutane gulbi a jirgi. Sanyi ya sauka a ƙasarsu ya ƙi tafiya har shekara bakwai, wuta ta mutu a kowane murhu, gulabe suka daskare. Ita ce ta ɗauki tukunyar ƙasa ta tafi ƙarshen duniya ɗibar wuta, da sharaɗin ta ƙetaro gulbi tara da garwashin bai mutu ba. Abokan tafiyarta wani tsohon soja ne mai kunne ɗaya da wani kyarkeci da zaman daji ya ishe shi. Sakinatu ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta mai sayar da zoɓo, amma ɗibar wuta a sakaina daga gidan maƙwabta ta yi ta tun tana 'yar shekara shida, ta san yadda ake kare garwashi da tafin hannu idan iska ta taso.

Ita ta ce masa ya rubuta mata. Ya rubuta, babi bayan babi, wata takwas, da alƙalamin tawada irin wanda aka koya musu riƙewa a makarantar can. Babi ɗaya ya rage, na ƙarshe, ya ce wannan ba zai rubuta ba, da bakinsa zai karanta mata a ɗakinta na aure.

To ga inda tsiyar take. Littafin rubutu na Benin ba irin namu ba ne mai layi a kwance. Nasu gida-gida ne, ƙananan murabba'ai tun daga sama har ƙasa. Duk wanda ya taɓa leƙa jakar ɗan makaranta a ƙetare ya san haka. Gwaggo Dela, da ta yi shekara sittin tana jin carar zakarun Benin daga ɗakinta, ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya ba. Ta ga gidaje, ta ga rubutu a cikinsu, ta ce hatimi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sanin da ya zo daidai da abin da mutum yake so ya fi kowanne taurin kai. Gwaggo tana da ɗa, Muzammilu, mai sayar da fetur a jarka a bakin tasha, wanda Sakinatu ta ba haƙuri sau biyu cikin mutunci.

"Ina kuka kai su?" in ji Sakinatu.

"Asiri ba ya mutuwa sai ga ruwa mai gudu. Muzammilu ya tahi da su gulbi. Babanki ya gani da idonai kahin shi tahi hwadama, kuma ya yanke magana."

Sakinatu ba ta tsaya jin maganar da aka yanke ba.

Ba ta san lokacin da ta ratsa kasuwa ba. Malama guda, wadda yara ke durƙusa wa a hanya, tana gudu takalmi a hannu. Lokacin cikar gulbi ne, ruwa ya hau har ya cinye hanyar motar da ke zuwa ƙauyukan ƙetare, sai jirgi kawai. Bakin ruwa cike da mutane, masu lodin shinkafa, mata masu wanki, masu jiran fito. Duk sun bar abin da suke yi suna kallon wuri ɗaya.

Takardu ne a kan ruwa. Muzammilu bai jefa su a dunƙule ba, sai da ya zauna ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, wai don ruwa ya taɓa kowane shafi. Wasu sun yi nisa, wasu sun maƙale a cikin ciyawa. Tawadar ta saki, shuɗin ya bi ruwa, shafukan sun koma farare da gidajensu babu kowa a ciki.

Mutawakkil yana tsaye a cikin ruwa har gwiwa da wandonsa na kasuwa, shafi ɗaya a hannunsa. Muzammilu yana kan tudu yana goge hannu da gefen riga.

"Ga ta nan ta zaka," in ji Muzammilu da ƙarfi, don kowa ya ji. "Gara da kika zo, ki ji da kunnenki. Kawu ya ce in hwaɗa mai, kada kowa shi tako ƙohwar gidanmu ran Juma'a. Kuma shi gode Allah mu mutanen kirki na. Zamanin Shari'a muke, da wasu na, gaban alƙali za a yi ta."

"Ka karanta?" Sakinatu ta tsaya a gabansa tana haki.

"Mi?"

"Ka yi hiramare, ka yi sakandare har aji ukku. Hausa ta a rubuce. Shahi nawa kab ɓalle da hannunka? Ka karanta ko layi guda?"

"Ni ba ni karanta ƙazanta."

"Ka karanta," ta ce. "Wallahi ka karanta, ka san labari na. Gwaggo ta yi bisa rashin sani, kai ko da saninka kay yi."

Muzammilu ya dubi mutane ya yi 'yar dariya. "Kun gani? Har yanzu abin bai sake ta ba."

Abin da ya fi ƙona rai ke nan. Duk abin da ta faɗa hujja ce a kanta. In ta yi kuka, asiri ne. In ta yi faɗa, asiri ne. Wata mai wanki har da girgiza kai tana cewa Allah Ya raba mu da aikin ƙetare, ita da 'ya'yanta biyu ke ajin Sakinatu.

Mutawakkil ya fito daga ruwa a hankali. Bai dubi Muzammilu ba. Ya tsaya nesa da Sakinatu kamar taku uku, yadda ya saba, ya miƙa mata shafin. Kalma biyu ko uku ne suka rage a kusurwa, sauran duk shuɗin ruwa.

"Wurin da sojan nan yab ba ta takalminai na," ya ce. "Na gane shi ga zanen da niy yi a gehe."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

"Littahin Hwaransancin yana wurinka," ta ce. "Ka sake rubutawa. Ni za ni sayo takardu masu layi irin namu, in ji mai cewa wani abu."

"Hannu na iya sake rubutu, Sakinatu. Suna hwa?" Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba. "Ni tahinta na. Abin da nika ci da shi guda na, mutum shi yarda abin da nac ce shi aka ce. Yau gaban masu shinkahwag ga da nika yi ma aiki an kira ni boka. Gobe wa za shi ba ni amanar bakinai?"

"Baba bai ji daga gare ni ba tukuna."

"Ya yanke ba tare da ya ji ba. Wannan ma magana ta."

"To sai ka bar ni da su? Haka Darina tay yi, da iska yat taso tay yad da tukunya?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Darina ba ta da kawu. Nawa ya sai da rago ya ɗinka riga sabuwa don Juma'a. Ya roƙi dattawa huɗu su rako shi. In ban tahi yau na tsai da su ba, jibi za su zaka a kore su gaban jama'a. Ni a zage ni, na ɗauka. Tsohon da yar rene ni ba za a mai da shi daga ƙohwa ba."

"In ka tahi, yaushe za ka dawo?"

Mai jirgi ya buga gefen jirginsa yana kiran masu ƙetare. Mutawakkil ya shiga da jiƙaƙƙen wandonsa ya zauna a kan buhu, bai waiwayo ba. Ta san dalili, in ya waiwayo ba zai iya tafiya ba, amma sanin bai rage mata komai ba. Ta tsaya har ƙarar injin ta ɓace, shafin yana ɗiga a hannunta.

Bayan la'asar Malam Usuman ya dawo daga fadama, laka har ƙwauri, ya yini yana tare wa shinkafarsa ruwa. Dogo ne marar yawan magana. Kafin ya koma noma shi ne babban mai fito a wannan yanki, an ce yana duban fuskar ruwa ya faɗi abin da ke ƙasa. Shekara goma sha shida ke nan da ya rataye filafilinsa na tuƙa jirgi a zaure. Tun ranar da jirgin wani ya kife da matan da ke dawowa daga cin kasuwa, cikinsu har da Saratu, mahaifiyar Sakinatu, bai sake taka jirgi ba. Bai kuma sake ambatar sunanta ba, gidan duka ya bi shi a kan haka.

Ya yi wanka, ya zauna a kan buzu a tsakar gida. Gwaggo Dela ta jawo kujera kusa da shi. Muzammilu ya tsuguna a gefe yana jan carbi, abin da ba a saba ganinsa da shi ba sai ranar da yake neman wani abu.

Sakinatu ta zo ta durƙusa.

"Baba, ina son a ji ni."

"An gama magana."

"Ko ɓarawo aka kama, alƙali na tambaya tai kahin shi yanke. Ni ɗiyarka ta, shekarata ashirin da biyar, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Yau an hwasa akwatin da nig gada, an watsa ni bakin gulbi, an kira mutumin da kai da kanka kac ce ka yaba da hankalinai boka. Kuma ba wanda yat tambaye ni ko kalma guda."

"Ji bakinta," in ji Gwaggo. "Da can haka take?"

Malam Usuman ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Ya zura hannu a aljihu ya fito da takarda guda a ninke. Ita kaɗai Gwaggo ta hana a jefa, don ta zama shaida. Ya shimfiɗa ta a kan buzu.

"Ni ban iya boko ba," ya ce. "Amma na san rubutun boko in na gan shi, na san na Larabci. Wanga ba ko ɗaya na ba. Mi na na?"

Shafin farko ne na littafi na ɗaya. Mutawakkil ya kwafo taswirar ƙasar Darina, har da haruffan mutanen Rasha da aka bari a kanta, don sun ba shi sha'awa. Ga layuka masu lanƙwasa a kan gidajen takardar, ga taurari, ga baƙaƙen da ba wanda ya taɓa gani a Illo. In gaskiya za a faɗa, ko ni aka nuna wa ita a juye da sassafe, ana raɗa mini a kunne, zan yi jim.

"A juye take, Baba." Sakinatu ta juya takardar. "Taswira ta. Hoton ƙasa. Wanga layin mai kauri gulbi na."

"Gulbi."

"I. Daga duwatsun ga yah hito, nan yaz zuba ga teku. Waɗanga ƙanana rassa na."

Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan layin, ya fara binsa a hankali daga sama, yadda mutum ke bin hanyar da ya sani. Inda layin ya lanƙwasa yatsan ya rage gudu. Inda ya rabu biyu ya zagaye wani fili, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tsibiri."

"Usuman, kada ka biye mata," in ji Gwaggo.

Bai ji ta ba. Yatsan ya gangaro har inda wani reshe ya shigo babban gulbin daga hagu, ya tsaya cak. Akwai ɗan zanen jirgi a wurin.

"Wanga hwa?"

"Maƙetara ta. Duk inda aka zana jirgi, nan aka hito."

"Nan?" Ya ɗago, ransa a ɓace. "Wane marar hankali yas sa maƙetara ga mahaɗar ruwa, kuma ƙasa da kwana? Ruwa biyu in sun gamu sai sun yi kokuwa. Sama lumui, ƙasa yana juyi. Jirgi mai kaya in ya shiga nan gindinai za shi hwara bayarwa. Sai a hau sama da tahiyar rabin awa, a ƙetare inda ruwa guda na. Wanga wurin kabari na."

Sakinatu ta dube shi, bakinta ya kasa rufuwa.

"Baba, nan uban Darina yam mutu."

"Wa?"

"Yarinyar da ke cikin labarin. Ubanta mai hito na. Sarkin garinsu yam mai da maƙetara nan don shi gajarta ma 'yan kasuwa hanya. Uban yac ce wurin ga ba shi ƙetaruwa, ya hwaɗi abin da kac ce yanzu, har da rabin awar. Ba a ji ba. Ran da yak kihe, mutum goma sha ɗaya yah hid da, shi bai hito ba."

Carbin Muzammilu ya tsaya. Malam Usuman ya sake duban takardar, ya dubi 'yarsa.

"Wanda yar rubuta wanga ya san ruwa," ya ce a hankali. "Ina kika ce ƙasar take?"

"Rasha. Can inda sanyi ka daskarar da gulbi."

"Ruwansu ma haka yake yi ashe." Ya gyara zama. "Sai aka yi yaya?"

Ta ba shi. Littattafan suna gulbi, amma wata takwas tana kwana tana tashi da su. Ta ba shi labarin shekara bakwai na sanyi, da yadda aka rasa namijin da zai tafi ɗibar wuta sai 'yar mai fito. Ta ba shi na sojan da ya cire takalminsa ya ba ta ya taka ƙanƙara da tsumma a ƙafa. Da ta zo inda kyarkecin ya kwanta ya zagaye tukunyar da jikinsa don iska, Malam Usuman ya ce, "Dabba ma ta san amana," bai dubi kowa ba, amma Muzammilu ya sunkuyar da kai. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida. Gwaggo ta tashi ta duba tukunya ta dawo, ta sake tashi.

"To kukan hwa?" ya tambaya. "Dela ta ce kullum kina kuka bisa takardun ga. Mi ab abin kuka ga tatsuniya?"

Sakinatu tana iya cewa tausayi ne, a wuce wurin. Amma an riga an fasa mata akwati yau, ba sauran abin ɓoyo.

"Tun ran da ubanta yan nutse, gidansu ba a sake kiran sunanai ba. Uwar ta hana, don kada ciwon shi tashi. To in Darina ta yada zango, sai ta buɗe tukunya ta hura garwashin, ta riƙa ba shi labarin ubanta. Yadda yake dariya, abin da yake so a dahwa mai. Ta ce in ba ta hwaɗa ma wani ba, za ta manta muryatai." Hawaye suka sauko, ba ta share ba. "Baba, shekarata tara Inna tat tahi. Shekara goma sha shidda ba wanda yac ce Saratu cikin gidan ga. Na manta muryarta. Ban san ko tana waƙa in tana daka ba. Ba ni da wanda za ni tambaya. Sai ga wata can ƙarshen duniya, cikin ƙanƙara, ciwonmu guda. In na karanta sai in ji an ba ni izinin kuka. Shi na asirin da Mutawakkil yay yi min, kuma shi kuka zuba ga gulbi."

Gwaggo Dela ta dubi fuskar ƙanenta.

Malam Usuman ya daɗe yana kallon ɗan zanen jirgin nan.

"Tana waƙa," ya ce. "Ba ta iya ba, amma tana yi."

Sakinatu ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana 'yar shekara tara. Ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ninke taswirar yadda take.

"Yarinyar ta kai wutar?"

"Ban sani ba. Babi guda yar rage, yana bakinai. Ya tahi da jirgin azahar shi hana kawunai zuwa."

"Ai sai a aika," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa. "Gobe Muzammilu shi..."

"Muzammilu ya yi aikenai na yau." Malam Usuman ya dubi ɗan yayarsa sau ɗaya. "Kai ka iya karatu. Da sahe na tambaye ka mi aka rubuta, kac ce min ba shi karantuwa. Tashi ka ba ni wuri."

Muzammilu ya fita, ko takalmi bai saka daidai ba.

"Gaban jama'a aka ɓata yaron ga da sunana," in ji Malam Usuman. "Wanda yay yi ɓarna shi ka gyara, ba ɗan aike ba."

"Usuman, jirgin inji ya ƙare sai gobe. Hanya ruwa ya cinye."

Ya miƙe ya shiga zaure. Suka ji ƙarar ƙusa tana fita daga bango. Ya fito da filafilin a hannu, yanar gizo ta lulluɓe shi, ya sa gefen rigarsa ya goge, ya jinjina nauyinsa.

"Baba," Sakinatu ta miƙe a tsorace, "gulbi ya cika. Shekara goma sha shidda..."

"Ruwan bai sake hali ba, ni nab bar shi. Maƙwabcinmu Ango na da ƙaramin jirgi bakin ruwa, za shi ara min. Da sauran rana." Ya sa taswirar a aljihun gaba ya danna ta. "Dela, a share zaure, a wanke tabarmi. Juma'a muna da baƙi, in sun yarda sun yahe muna."



A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Takardunki ba ni iya hiddo su, Sakinatu. Wannan na ci bashin haƙƙinki har gaban Allah." Ya saɓa filafilin a kafaɗa. "In na dawo ki zo da tabarmarki. Akwai abin da Saratu ka cewa in tuwo ya ƙone, ke kika gado ta wurin ƙona shi."